Horar da Ma'aikatan Sulhu da Raya Ƙasa: Tarken Manhaja Bisa Ma'aunin Wurno, Rabah da Goronyo

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce yin tarken irin horon da ake ba matasanmu masu neman mayar da aikin sulhu da raya ƙasa sana'arsu. Abin da muke nufi da horo a nan ya ƙunshi abu uku. Na farko shi ne kwas ɗin zaman lafiya da warware rikici wanda Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta wa ɗaliban digiri na farko. Na biyu shi ne kwasa-kwasan difloma da na babban digiri da cibiyoyin nazarin zaman lafiya ke bayarwa. Na uku kuwa shi ne tarurrukan bita na 'yan kwanaki da ƙungiyoyi masu zaman kansu kan shirya da kuɗin ƙasashen waje.

Ma'aunin da muka ɗauka shi ne ƙananan hukumomi uku na gabashin Jihar Sakkwato, watau Wurno da Rabah da Goronyo. Dalilinmu shi ne, a waɗannan wurare aikin raya ƙasa da rashin zaman lafiya sun haɗu a fili ɗaya, kuma a nan ne aka taɓa gwada wata dabara ta zaunar da jama'a lafiya tun ƙarni na 19. Tambayar da za mu bi ita ce: idan ɗalibi ya gama wannan horo aka tura shi Gandi ko Shinaka, me ya tafi da shi wanda zai yi wa mutanen wurin amfani, me kuma aka bar shi ya tafi babu?

2.0 ASALIN FANNIN DA YADDA YA SHIGO NIJERIYA

Nazarin zaman lafiya a matsayin fannin jami'a ya tsiro ne a Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da babban abin tsoro shi ne yaƙi tsakanin manyan ƙasashe. A 1959 Johan Galtung ya jagoranci kafa cibiyar bincike kan zaman lafiya a birnin Oslo na ƙasar Norwe. Shi ne ya bambanta zaman lafiya iri biyu: wanda ya tsaya ga rashin faɗa kawai, da wanda ya kafu bisa adalci da kawar da zalunci. A 1973 Jami'ar Bradford ta Ingila ta buɗe sashen nazarin zaman lafiya, shehun malaminsa na farko kuwa shi ne Adam Curle, wanda ya yi aikin shiga tsakani a lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. A 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Jami'ar Zaman Lafiya a ƙasar Kosta Rika, sa'an nan a 1992 Babban Sakatarenta, Boutros-Ghali, ya fitar da rahoton da ya sa gina zaman lafiya ya zama aikin da ake ware wa kuɗi da ma'aikata.

A Afirka ta Yamma an kafa ƙungiyar WANEP a 1998, ta kuma soma horar da ma'aikatan sulhu a ƙasar Gana a 2002. A Nijeriya kuwa shekarar 2000 ce mafari, domin a cikinta Jami'ar Ibadan ta soma kwas ɗin babban digiri a wannan fanni, a cikinta kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Zaman Lafiya da Warware Rikici a Abuja. A 2006 aka buga littafin gabatarwa ga fannin wanda Shedrack Gaya Best ya tace, ya zama abin dogaro ga malamai da yawa. Manhajar jami'o'i ta 2007 ta sanya kwas mai lamba GST 222, sabuwar manhajar da aka ƙaddamar a watan Disamba 2022 kuma ta mayar da shi GST 312, mai awa 30 na lacca. A nan gida Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tata Cibiyar Nazarin Zaman Lafiya.

Abin lura a wannan taƙaitaccen tarihi shi ne, fannin ya zo mana daga sama zuwa ƙasa: daga majalisun duniya zuwa Abuja, daga Abuja zuwa jami'a. Wannan hanya da ya biyo ta bar alama a jikinsa, kamar yadda za mu gani.

3.0 FILIN AWO

Wurno da Goronyo suna gaɓar Gulbin Rima, Rabah kuwa tana gaɓar Gulbin Sakkwato. Arzikinsu fadama ce: shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da alkama da rani, ga su, ga kiwo. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa wajen 1830, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. A Wurno ne Baturen nan Heinrich Barth ya zauna a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, wanda ya zama uban ƙasarta a 1934. A Goronyo kuwa akwai madatsar ruwa da aka gama ginawa a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, wadda ke shayar da birnin Sakkwato da gonakin noman rani na tsakiyar kwarin Rima.

Ga kaɗan daga abin da ya sami wannan yanki a 'yan shekarun nan. A watan Satumba 2010 ambaliya daga wajen madatsar Goronyo ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka. A watan Yuli na wannan shekara ta 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Tabanni na ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka yi sansani a Gandi. A watan Satumba 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Tun daga 2019 dubban mutane daga gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara iyaka zuwa Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Wannan shi ne filin da ɗalibinmu zai shiga.

4.0 TARKE

4.1 Abin Yabo

Kafin mu kai ga naƙasu, wajibi ne mu faɗi abin da horon ya dace da shi. Ya koya wa ɗalibi cewa rikici abu ne mai sanadi, ruwa ba ya tsami banza, kuma ana iya bin diddiginsa a gano masu hannu a ciki da abin da kowannensu ke nema. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne a cikin al'ummar da ta saba jingina kowace fitina ga halin wata ƙabila. Haka kuma manhajar 2022 ta fi ta 2007 kusantar gida, domin ta ambaci misalai na cikin ƙasa, ta shigo da batun 'yan gudun hijira da rawar da sarakuna da kafofin watsa labarai ke takawa. Daɗin daɗawa ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussan digiri ta tsara da kanta bisa bukatun yankinta. Wannan ƙofa ce a buɗe, za mu kuma dawo gare ta.

4.2 Misalan da Ba Su Yi Daidai da Wurin Ba

Misalan da manhajar ta ambata da suna su ne rikicin Tibi da Jukun da na Zangon Kataf, tana kuma ba da ƙarfi ga batun ɗan ƙasa da baƙo, da saɓanin ƙabila da na addini. Waɗannan rikice-rikice ne na gaske, sun cancanci nazari. Amma ɗalibin da ya ɗauki wannan awo ya nufi Rabah zai rikice, domin wanda ya kai hari da wanda aka kai wa galibi alƙiblarsu ɗaya, akwai auratayya tsakanin danginsu, kakanninsu kuma sun zauna wuri ɗaya tun kafin zuwan Turawa. Wane ne baƙo a ƙasar da Sulluɓawa da Gobirawa da Adarawa da Zamfarawa suka daɗe da cuɗanya?

Binciken da Murtala Ahmed Rufa'i na Sashen Tarihi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gabatar a 2021 kan shekara goma na ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara ya nuna cewa abin ya haɗa cinye burtali da makiyaya, da satar shanu, da koke-koken zalunci a hannun masu hukunci, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulanin daji, da kwararowar makamai, har daga bisani garkuwa da mutane ta zama kasuwanci mai cin gashin kansa. Rikici ne mai sauya kama: abin da ya haife shi dabam, abin da ke ciyar da shi a yau dabam. Horon da bai koya wa ɗalibi rarrabe waɗannan matakai ba zai sa ya kawo maganin cutar jiya ga majinyacin yau.

4.3 Raba Sulhu da Raya Ƙasa

Naƙasu na biyu, wanda a ganinmu ya fi kowanne girma, shi ne yadda aka raba mai koyon sulhu da mai koyon aikin gona da ruwa. Wannan yana tsangayar nazarin zamantakewa, wancan yana tsangayar aikin gona ko injiniya, ba mai shiga ajin wani. Alhali kuwa tarihin kwarin Rima da na Gulbin Sakkwato ya nuna cewa kowane babban aikin raya ƙasa sabon rabon arziki ne, duk rabo kuwa yana da wanda ya samu da wanda ya rasa.

Mu ɗauki madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Manoman da aka tasa da waɗanda aka karɓe wa gonaki sun yi ta neman diyya, suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan haka binciken W. M. Adams ya nuna cewa ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar sun yi asarar noman shinkafa da kamun kifi saboda ruwan da ke malala a fadama ya ragu. Injiniyoyin da suka auna ƙasa sun san aikinsu, amma lissafinsu bai ƙunshi mutumin da ke bakin gulbi nesa da madatsar ba.

Haka abin yake ga noman rani. A da, idan an kawar da amfanin gona, makiyayi kan gangaro fadama da rani domin ciyawa da ruwa, manomi ya sami taki, shi kuma ya sami harawa. Da injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse suka yawaita, musamman daga shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, sai fadama ta zama gona rani da damina. Albasa ta hau mashaya, tafarnuwa ta toshe burtali. Saniya ta yi ɓarna, a kai ƙara, a ci tara, wani lokaci tarar ta fi ɓarnar. Masu shirin da kansu sun gane haka, shi ya sa kashi na biyu na shirin ya shigo da makiyaya da masunta cikin ƙungiyoyin masu amfani da fadama. A 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin gyara noman rani wanda ya haɗa da Bakolori da tsakiyar kwarin Rima, aka ɗora rabon ruwa a kan ƙungiyoyin manoma.

To, a cikin wace lacca ɗalibin sulhu zai koyi yadda ake rabon ruwa a magudana, ko abin da Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, ko ikon da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna da ƙaramar hukuma a kan filaye? Manhajar ta ambaci rikicin filaye a jerin misalai, amma ambato ba koyarwa ba ne. Mai sulhun da bai san inda burtali ya bi ba, iyakarsa ya ce a yi haƙuri, haƙuri kuwa ba ya shayar da garke.

4.4 Matsalar Harshe

Da Ingilishi ake koyar da fannin, da shi ake jarrabawa, da shi ake rubuta rahoto. Amma zaman sulhu a Wurno da Hausar Sakkwato ake yin sa, a ruga kuma da Fulatanci. Wani zai ce ai ɗalibin Bahaushe ne, zai fassara. Matsalar ita ce kalmomin ba su zauna daram a kan juna ba. Hausa ta bambanta sulhu da sasantawa da shiga tsakani da ban-baki da yafiya da amana, kowace da muhallinta da wanda ya cancanci ya yi ta. Wanda zai ba da baki ba lalle ne ya isa ya yanke diyya ba. Hausa kuma ta bambanta lafawar ƙura da zaman lafiya, watau dai bambancin nan da Galtung ya yi suna da shi yana nan a bakin tsofaffinmu.

Abin da ya fi wannan hatsari shi ne yadda ma'anar kalma ke sauyawa da zamani. A ƙauyuka da dama na gabashin Sakkwato da Zamfara, idan aka ce gari ya yi sulhu, abin da ake nufi shi ne mutanen garin sun amince su biya 'yan bindiga kuɗi, ko su yi musu noma, domin a bar su su je gona. Ma'aikacin da ya sauka daga mota ya ce ya zo ne a yi maganar sulhu, yana nufin abin da ya karanta a littafi, masu saurarensa kuwa suna iya jin cewa ya zo ne a yanka musu sabon haraji. Babu littafin da aka rubuta a Oslo ko Bradford da zai faɗakar da shi wannan.

4.5 Gadon da Aka Tsallake

John Paul Lederach, a littafinsa na 1995 kan horar da masu sulhu, ya bambanta horo iri biyu: wanda mai koyarwa ke zuwa da dabararsa a ƙunshe ya miƙa, da wanda ake tono dabarar daga abin da mutanen wurin suka riga suka sani. Ana karanta wannan ra'ayi a azuzuwanmu, amma ta hanya ta farko ake koyar da shi. Da an bi ta biyu, da Wurno kanta ta zama darasi.

Murray Last ya nuna yadda Muhammadu Bello ya yi amfani da ribaɗi, irin su Wurno da Shinaka da Lajinge, domin tsaron iyaka da kuma zaunar da Fulani makiyaya: a gina gari mai ganuwa, a kai malami da alƙali, a ƙarfafa noma da sana'a da kiwon dawaki da raƙuma da ƙananan dabbobi. Ma'ana, ya ɗauki tsaro da ilmi da shari'a da abinci a matsayin aiki ɗaya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hurumi da hukuncin raya mataccen fili a cikin Liya'ul Hukkami da Ta'alimur Rali. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkami, suna da babi a kan sulhu, da sharaɗin cewa sulhun da ya halatta abin da aka haramta ba ya inganta. Da wannan sharaɗi kaɗai ana iya auna yarjejeniyar da ta tilasta wa talaka ya sayi ransa da kuɗi.

Ta fuskar tsarin horo kuwa, babu misalin da ya fi na Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kuma zauna a Wurno da Sakkwato. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take zaɓen dattijuwa amintacciya daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata darasi cikin waƙa da harshen da mutanenta ke ji, ita kuma ta koma ta koyar. Abin lura a nan shi ne wadda aka horar 'yar garin ce, a garin za ta zauna, kuma mutuncinta ne jarinta.

Ba muna cewa a ɗauko ƙarni na 19 a dasa a na 21 ba. Ribaɗi sansanin yaƙi ne, bayi sun yi aiki a gonakinsa, kuma Bagobirin Sabon Birni yana da nasa karatun wannan tarihi wanda ya saɓa da na mutumin Wurno. Haka nan sarakuna da alƙalai ba su kuɓuta daga zargi a cikin koke-koken makiyaya da manoma ba, ga shi kuma an karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e tun ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage musu iko. Abin da muke cewa shi ne a karanta wannan gado karatun tarke, kamar yadda ake karanta Galtung, domin da shi mutanen wurin ke auna maganar duk wanda ya zo musu.

4.6 Wa Ake Horarwa, Ina Kuma Yake Tafiya?

Sharuɗɗan shiga manyan kwasa-kwasan su ne digiri da Ingilishi da kuɗin makaranta. Waɗannan sun fitar da uban ƙasa da hakimi da arɗo da sarkin noma da limami da ungozoma, watau mutanen da ƙara ke fara isa gare su. Su sai dai a gayyace su bita a otal a cikin birni, a ba su takardar shaida da kuɗin mota. Wanda ya sami digirin kuwa, hanyar ci gabansa tana fuskantar Abuja ko wata ƙasa, domin can ne ofisoshin suke. Gwanintar da kasuwar aikin ke saye ita ce rubuta takardar neman tallafi da cika jadawalin rahoto, saboda haka ita ɗalibi ke wasawa. Ba laifinsa ba ne, inda aka shimfiɗa hanya nan ya bi.

Shekarar 2025 ta nuna raunin wannan tsari. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa watan Yuli ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da yawa suka tsaya, ma'aikata suka rasa abin yi. Kayan aro ba ya rufe katara. A watan Janairun nan dai Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, ƙungiyar da manhajar ke koyar da rawarta, wadda kuma yarjejeniyarta ta 1998 ta tsara ƙetaren iyaka da dabbobi. Ɗalibin da zai yi aiki a Goronyo ya fi bukatar sanin yadda Nijar ke tafiyar da Dokar Karkara ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye, inda manomi da makiyayi da sarki da ma'aikacin gwamnati ke zama tare su shata burtali, a kuma tsayar da ranar sakin gonaki.

4.7 Iyakar Horo

Akwai mai cewa duk wannan magana ta makara, domin wanda ya riƙe bindiga yana karɓar kuɗin fansa ba darasin burtali zai sauko da shi ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Yarjejeniyoyin da gwamnatocin Zamfara da Katsina suka ƙulla da 'yan bindiga a 2016 da 2019 ba su ɗore ba. A watan Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda, a 2024 kuma Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Tsare rayuka aikin hukuma ne, malamin sulhu ba zai maye gurbinta ba, horon da ya sa ɗalibi ya zaci haka kuwa ya jefa shi cikin hatsari.

Sai dai rushewar waɗancan yarjejeniyoyi ita kanta hujja ce a gare mu. An ƙulla su ne da shugabannin daba, ba tare da an warware batun ƙasa da diyya da hukunci ba, ba tare kuma da muryar waɗanda aka kashe wa dangi ba. Sa'an nan ko da an kawar da kowane ɗan bindiga a yau, gobe akwai aiki: wanda ya dawo daga gudun hijira ya tarar wani na noma gonarsa, yaron da ya tashi a daji bai taɓa shiga aji ba, maƙwabcin da ake zargi da kai rahoto, matar da aka sako daga hannun masu garkuwa tana jiran yadda dangi za su karɓe ta. Waɗannan ba aikin soja ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

5.0 SHAWARWARI

Bisa ga abin da ya gabata muna ba da shawarwari biyar.

(a) Jami'o'in wannan yanki su yi amfani da kashi 30 ɗin da aka bar musu su tsara darasi a kan ƙasa da ruwa da kiwo a kwarin Rima, wanda malaman tarihi da na shari'a da na aikin gona za su koyar tare, a kuma wajabta shi ga ɗaliban sulhu da na aikin gona baki ɗaya.

(b) Sassan Hausa da na Fulatanci su haɗa kai da cibiyoyin zaman lafiya su tattara kalmomin sulhu kamar yadda ake amfani da su a yau, a kuma riƙa jarraba ɗalibi da baki cikin harshen da zai yi aiki da shi.

(c) A sanya zaman koyon aiki na wata uku aƙalla a zauren uban ƙasa, ko kotun shari'a, ko ƙungiyar masu rabon ruwa, ko sansanin 'yan gudun hijira, a wuraren da hukuma ta tabbatar da tsaronsu. Gani ya kori ji.

(d) Kwalejojin ilmi su shigo cikin aikin. Malamin firamare da malamin gona da ma'aikacin asibitin ƙauye su ne ma'aikatan da ke kwana a garin, su ne jajin wannan zamani. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi, tare da Hukumar Ilmin Makiyaya da aka kafa a 1989 wadda ke da cibiyar tsara manhaja a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna iya tsara gajeren kwas da Hausa da ajami, wanda ba ya bukatar digiri, domin su da masu unguwanni da arɗaɗɗa da shugabannin mata.

(e) Gwamnatin jiha ta buɗe gurbin jami'in sulhu da filaye a kowace ƙaramar hukuma, da albashi da matakan ƙarin girma, domin wanda ya ƙware ya sami dalilin zama.

6.0 KAMMALAWA

A wannan takarda mun bi asalin fannin nazarin zaman lafiya, muka auna horon da ake bayarwa a cikinsa da halin da Wurno da Rabah da Goronyo ke ciki. Mun ga cewa horon ya koya wa ɗalibi neman sanadin rikici, amma misalansa ba su yi daidai da wannan yanki ba, ya raba sulhu da rabon ƙasa da ruwa, ya bar harshen mutanen da gadonsu a waje, ya kuma shimfiɗa wa wanda ya ƙware hanyar barin wurin da aka fi bukatarsa. Gyaran ba ya bukatar a rushe abin da aka gina, domin manhajar da kanta ta bar gurbin da za a cike. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, cike wannan gurbi kuwa nauyi ne a kan malaman da ke wannan zaure kafin kowa. Muna fata mahalarta za su dubi shawara ta (a) da ta (d) musamman, domin su ne ake iya somawa da su a zangon karatu mai zuwa ba tare da jiran kuɗin kowa ba.